'Yata tana son zama mai tsaron raga irin Chiamaka Nnadozie: me zan ce mata?

Baban Hafsat (Ƙofar Marusa):
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana. Na kawo muku wata magana da na daɗe ina juyawa a raina, domin na san a zauren nan akwai malamai da ma'aikatan lafiya da waɗanda suka taɓa buga ƙwallo da ƙafarsu, ba irina ba da saninsa bai wuce gidan kallo ba. 'Yata ta fari shekararta 15, tana aji ɗaya na babbar sakandare a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Da ta dawo hutun nan sai na ga yatsunta biyu na hannun dama a ɗaure, na tambayi dalili, mahaifiyarta ta ce ai yarinyar ce ke tsare wa ƙungiyar makarantarsu raga tun tana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma an ɓoye mini ne don gudun faɗa.

Ban yi faɗa ba. Na zaunar da ita bayan sallar isha'i, ta ɗauko wayar mahaifiyarta ta nuna mini bidiyon wata 'yar Najeriya, Chiamaka Nnadozie, tana ture bugun fenariti a gasar cin kofin duniya, sannan ta dube ni ta ce, "Baba, aikin da nake so ke nan." Abin da ta roƙa a wurina kafin ta koma makaranta safar hannu ce ta masu tsaron raga, domin da hannu tsura take tare ƙwallo.

Ina son ku faɗa mini gaskiya. Tsaron raga sana'a ce da mace za ta dogara da ita? Akwai hanyar da ta tashi daga Katsina ta kai inda waccan yarinyar ta kai? Kuma yaya batun addininta da mutuncinta?

Tsohon Gola (Funtuwa):
Wa alaikumus salam, Baban Hafsat. Na tsare raga shekara 11 a ƙananan ƙungiyoyi, har kafaɗata ta dama ta goce na bari, saboda haka bari in fara ba ka tarihin wadda 'yarka ke kallo, don ka san irin tsanin da ta taka.

An haifi Chiamaka a watan Disamba na 2000 a jihar Imo. Ƙungiyar Rivers Angels ta Fatakwal ce ta raine ta tun tana matashiya ƙwarai. A 2018 ta tsare wa 'yan ƙasa da shekara 20 raga a gasar duniya da aka yi a Faransa, kuma a ƙarshen shekarar aka tafi da ita Ghana gasar cin kofin Afirka, inda ta zauna a benci tana kallon Tochukwu Oluehi har Najeriya ta ɗauki kofin. A gasar duniya ta 2019 ma ba ita ta fara ba. Sai da Norway ta ci mu 3 da nema a wasan farko, sannan koci Thomas Dennerby ya sa ta a wasa na biyu da Koriya ta Kudu, muka ci 2 da nema, ta zama mai tsaron raga mafi ƙarancin shekaru da ta gama wasa a gasar duniya ta mata ba a ci ta ba, tana da shekara 18. A wannan shekarar kuma ta ture fenariti uku a wasan ƙarshe da Kamaru a gasar wasannin Afirka ta Maroko, muka samu zinare.

A watan Janairun 2020 ta koma Paris FC. Bidiyon da aka nuna maka kuwa na ranar 21 ga Yulin 2023 ne a birnin Melbourne, kuma wadda ta buga fenaritin ita ce Christine Sinclair ta Kanada, wadda ta ci wa ƙasarta ƙwallo 190, adadin da babu wani namiji ko mace da ya kai shi a wasannin ƙasa da ƙasa. An tashi babu ci. A gasar nan Chiamaka ta buga wasa huɗu, uku daga ciki ba a zura mata ko ɗaya ba, har da wasan Ingila a zagayen 'yan 16, wanda sai a bugun fenariti aka fitar da mu 4 da 2. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ta ture wa Arsenal fenariti biyu, Paris FC ta fitar da su daga share fagen gasar zakarun Turai, sannan ta fitar da Wolfsburg. A Mayun 2025 suka ɗauki kofin Faransa a hannun PSG, a Yuli kuma Najeriya ta farke ƙwallo biyu ta doke Maroko 3 da 2 a Rabat, ta ɗauki kofin Afirka karo na 10 a ƙarƙashin Justine Madugu, aka zaɓi Chiamaka a matsayin gwarzuwar masu tsaron raga. Daga nan ta wuce Brighton ta Ingila.

Abin da zai fi taɓa ka shi ne, ranar da hukumar ƙwallon Afirka ta CAF ta fara ba ta kyautar mai tsaron raga ta Afirka a Marrakesh a Disambar 2023, ta faɗa a bainar jama'a cewa mahaifinta bai so ta buga ƙwallo ba da farko. Ka ga ke nan tambayar da ke hana ka barci ba uban Bakatsine kaɗai ta taɓa hanawa ba.

Hajiya Babba (Ƙofar Ƙaura):
Ɗana Baban Hafsat, na karanta duk abin da Malam ya jero, kuma ban musa ko ɗaya ba, amma waccan yarinya ta tashi ne a wata al'umma, taka kuma ta tashi a tsakaninmu. Na aurar da 'ya'ya mata biyar, na san irin tambayoyin da dangin miji ke yi idan sun zo bincike a unguwa. Ranar da aka ce musu yarinya ta saba kwana a otal a Fatakwal ko Binin tare da ƙungiya, babu wanda zai tsaya ya tambayi fenariti nawa ta ture. Ban ce wannan adalci ba ne, amma haka mutanenmu suke, kuma yarinyar ce za ta sha nauyin maganar, ba masu ba ka shawara a waya ba. Ka bar ta ta yi wasanta a makaranta tsakanin 'yan uwanta mata, ka sa ta riƙe karatu da kyau, ko ungozoma ko malanta.

Malamar Wasanni (Daura):
Hajiya, Allah ya ƙara girma, shawararki ta uwa ce. Sai dai ina son in nuna wa Baban Hafsat cewa matsalar da ke gabansa ta riga batun otal da tafiye-tafiye zuwa, domin kafin yarinya ta kai ga ƙungiya sai ta samu wanda zai koya mata aikin.

Shekara 14 ke nan ina koyar da ilimin motsa jiki a makarantun 'yan mata. A makarantar da nake yanzu, turakun ragarmu bututun ruwa ne da wani mai walda ya haɗa mana, babu raga a jikinsu, filin kuma jan marmara ne wanda in hunturu ya shigo yake komawa kamar daɓen siminti. 'Yar wasan gaba za ta iya koyon aikinta a irin wannan fili, amma mai tsaron raga faɗuwa ce rabin aikinta, kuma yarinyar da ta faɗi sau biyu a kan marmara ta ga jini a gwiwar hannunta ba za ta ƙara yarda ta faɗi ba, sai ta riƙa miƙa ƙafa maimakon hannu, shi ke nan ta lalace tun ba ta fara ba. Na rubuta takardar neman ƙwallo biyu da safar hannu ɗaya sau uku, har yau ban samu amsa ba, da albashina na sayo na gwanjo.

Na ga yara aƙalla huɗu da Allah ya ba su tsayi da ido da ƙarfin zuciya, waɗanda da a ce a Legas ko Fatakwal suke da wani koci ya ɗauke su. Dukansu da suka rubuta jarrabawar fita sakandare maganar ta mutu, domin babu mataki na gaba a kusa da su. Ƙungiyoyin Arewa da ake jin sunansu a babbar gasar mata ta ƙasa su ne irin Nasarawa Amazons ta Lafiya da Adamawa Queens ta Yola da Confluence Queens ta Lakwaja, kuma kowa ya san nisan waɗannan garuruwa daga nan. Muna da filin wasa na Muhammadu Dikko da ake alfahari da shi, amma ban taɓa samun damar kai ɗalibaina su taka ciyawarsa ba ko sau ɗaya.

Alaramma (Mai'aduwa):
Bismillahi. Tun da an ambaci addini, ya kamata a rarrabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Motsa jiki ga mace ba haramun ba ne a kan kansa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Uwar Muminai Nana A'isha, ta wuce shi, daga baya kuma ya wuce ta. Don haka duk wanda ya ce wa yarinyar nan wasan da take yi a makarantar 'yan mata saɓon Allah ne, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kansa, kuma ina roƙon mahaifinta kada ya bari a sa mata wannan tsoro a zuciya.

Inda maganar ke canzawa shi ne ranar da wasan ya zama sana'a. A nan ne sutura ke shigowa, da taron maza masu kallo, da kyamarar da ke watsa hotonta ga duniya, da tafiya mai nisa ba tare da muharrami ba. Waɗannan hukunce-hukunce ne sanannu a mazhabar da muke bi, kuma yawan kuɗi ko ɗaukakar suna ba sa ɗage su.

Tsohon Gola (Funtuwa):
Allah ya gafarta Malam, a kan sutura akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. A dokokin ƙwallon ƙafa, doka ta 4 mai magana kan kayan wasa ta yi wa mai tsaron raga izini a fili ya sa dogon wando. Rigarsa ma galibi mai dogon hannu ce, ga safar hannu, ga doguwar safar ƙafa. Game da rufe kai kuwa, hukumar da ke tsara dokokin wasan ta fara gwajin barin sa ɗankwali a 2012, ta tabbatar da shi a 2014. Idan aka haɗa waɗannan, a cikin 'yan wasa 11 babu wadda ta kai mai tsaron raga samun damar rufe jikinta daga kai har ƙafa ba tare da alƙalin wasa ya ce uffan ba. Ban ce wannan ya warware duk abin da Malam ya kawo ba, amma yarinyar nan, ko ta sani ko ba ta sani ba, ta zaɓi gurbin da ya fi dacewa da 'yar Musulmi.

Ɗalibar Jami'a (Katsina):
Baba Tsohon Gola, ina neman izinin ƙara wani abu a kan maganarka, domin dokar duniya daban, dokar kowace ƙasa daban. Faransa, inda Chiamaka ta yi shekara biyar ta zama abin da ta zama, hukumar ƙwallonta ta hana sa hijabi a wasanninta, kuma babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta tabbatar da hanin a watan Yunin 2023. Ma'ana, ƙofar da Chiamaka ta bi a rufe take ga Hafsat matuƙar za ta riƙe ɗankwalinta. Wannan abu yana yi mini ciwo sosai, domin a nan gida ana ce wa yarinya ba za ta yi wasa ba saboda addininta, a can kuma ana ce mata ba za ta yi wasa ba sai ta ajiye addininta.

Amma akwai wasu ƙofofin. Wata ɗaya bayan wancan hukunci, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga wasa da Koriya ta Kudu da hijabinta a gasar duniya, ita ce ta farko da ta yi haka a gasar manya. Saudiyya ta kafa babbar gasar mata a 2022, kuma Ashleigh Plumptre ta Super Falcons, ƙungiyar matan Najeriya, ta koma Al-Ittihad ta Jidda a 2023. Sannan kada mu manta da Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, wadda ta daɗe tana wasa a Suwidin, kuma ta tsaya a tsakiyar fili a gasar duniya ta 2023. Asisat Oshoala ma Musulma ce, sau shida tana zama gwarzuwar Afirka.

Alaramma (Mai'aduwa):
'Yata, na gode da wannan bayani, na ƙaru da shi, kuma na karɓi gyaran Malam Tsohon Gola a kan dogon wando, domin ban san da shi ba. Sai dai rufe jiki a shari'a ya haɗa da kada tufa ta matse ta bayyana sura, wannan kuma abu ne da za a iya gyarawa wurin ɗinki. Abin da har yanzu ban ji amsarsa ba shi ne tafiya. Yarinya 'yar shekara 17 ko 18 a sansanin ƙungiya a wani gari mai nisa, a hannun masu horarwa maza, wa ke kula da ita? Kasancewar wasu Musulmi sun yi ba hujja ba ce a wurina, ko da yake ba na zagin kowa a cikinsu.

Akawu (Dutsin-ma):
Ni ta fuskar kuɗi zan yi magana, tun da Baban Hafsat ya tambaya ko sana'a ce. A gasar duniya ta 2023 hukumar FIFA ta ware wa kowace 'yar wasa dala 30,000 in ƙasarta ta tsaya a rukuni, dala 60,000 in ta kai zagayen 'yan 16, kamar yadda Najeriya ta kai. Bayan kofin Afirka na 2025 Shugaba Tinubu ya sanar da kyautar kwatankwacin dala 100,000 ga kowace 'yar wasa, da gida mai ɗaki uku, da lambar girmamawa ta ƙasa. Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai ce ai babu sana'ar da ta fi wannan.

To amma a dubi ɗaya gefen. 'Yan wasan wannan ƙungiya ɗin dai su ne suka ƙi barin otal a Abuja a Disambar 2016, bayan sun ɗauko kofin Afirka daga Kamaru, har sai da suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya kan haƙƙoƙinsu. Sun sake irin wannan zama a Faransa a 2019, sun kuma ƙaurace wa atisaye a Maroko a 2022. Idan waɗanda ke saman tsani sai sun yi haka kafin a biya su, sai a ƙiyasta halin wadda ke tsare wa ƙaramar ƙungiya raga. Kuma lissafin mai tsaron raga ya fi na kowa tsauri: tawaga mai mutum 23 masu tsaron raga uku take ɗauka, ɗaya ce ke wasa, kuma in ta kama gurbin tana iya riƙe shi shekara goma. Precious Dede ta je gasar duniya sau huɗu, daga 2003 zuwa 2015. Sai a tambayi kai, masu tsaron raga nawa ne suka tsufa a bayanta suna jira?

Gargaɗi ɗaya kuma, Baban Hafsat. Duk wanda ya zo maka da sunan wakilin 'yan wasa ya ce ka kawo kuɗi zai fitar da ita Turai, ka sani dokar FIFA ta hana kai 'yan ƙasa da shekara 18 ƙungiyar wata ƙasa sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, kuma ƙungiyar gaskiya ba ta karɓar kuɗi a hannun uban yaro.

Tsohon Gola (Funtuwa):
Akawu ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi, wato benci, kuma ina son Baban Hafsat ya fahimci halin wannan gurbi kafin ya yanke shawara, domin ba kowace zuciya ke ɗaukarsa ba. Ɗan wasan gaba zai ɓarar da dama tara, ya ci ta goma, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai tsaron raga zai tare tara, ta goma ta sulale ta ƙarƙashin hannunsa, ita kaɗai za a riƙa ambata a majalisa har shekara ta zagayo. Ni akwai ƙwallon da aka ci ni fiye da shekara 20 da suka wuce, har yau in na rufe ido ina ganin yadda ta taɓa yatsuna ta wuce.

Abin da ya sa nake girmama Chiamaka ba wasan Kanada ba ne, wasan Faransa ne a Rennes a 2019. Ana saura kusan minti goma aka ba Faransa fenariti, aka kuma kori 'yar bayanmu. Wendie Renard ta buga, ƙwallo ta daki turke ta fita. Sai na'urar VAR mai taimaka wa alƙalin wasa da bidiyo ta nuna cewa ƙafar Chiamaka ta bar layi kafin bugun, domin a shekarar ne aka fara aiki da dokar cewa dole aƙalla ƙafa ɗaya ta kasance a kan layi. Aka ba ta katin gargaɗi, aka maimaita bugun, Renard ta ci, aka tashi 1 da nema. Yarinya 'yar shekara 18, a gaban 'yan gida da suka cika fili, duniya tana kallo. Da yawa daga nan suke karyewa. Ita kuwa sai ta mayar da fenariti abin da aka fi saninta da shi.

Ku tuna faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, ko ta maza ko ta mata, ba a rage musu ko taƙi ɗaya ba, kuma daga mita 11 ake buga fenariti. Mace wadda galibi ba ta kai namiji tsayi ba dole ta cike giɓin da saurin ƙafa da iya tsayuwa a inda ya dace da karanta jikin mai bugu. Yanzu kuma aikin ya ƙaru, domin tun 1992 aka hana kama ƙwallon da abokin wasa ya turo da ƙafa da gangan, a 2025 kuma aka kawo dokar daƙiƙa takwas, wadda in mai tsaron raga ya wuce ta riƙe da ƙwallo sai a ba abokan hamayya bugun kusurwa. Saboda haka ka tambayi malamarta abu ɗaya: in aka ci Hafsat, yaya take yi a minti biyar da ke biyo baya? Amsar za ta gaya maka fiye da abin da tsayinta zai gaya maka.

Ma'aikaciyar Jinya (Malumfashi):
Yayana Baban Hafsat, ni yatsun nan biyu ne suka tsaya mini a rai. Don Allah kafin ta koma makaranta a kai ta asibiti a ɗauki hoton hannun, domin a shekarunta ƙashi bai gama girma ba, kuma abin da ake ɗauka targaɗe ne wani lokaci tsagewa ce a kusa da gaɓa, wadda in aka bar ta yatsan zai warke a karkace. Sannan mata 'yan ƙwallo sun fi maza yawan tsinkewar babbar jijiyar cikin gwiwa, wadda gyaranta sai da tiyata, jinyarta kuma takan ɗauki wata tara zuwa shekara guda. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira FIFA 11+, wanda ba ya buƙatar kayan aiki, kuma an tsara shi ne don rage irin waɗannan raunuka. In kanta ya bugu da turke ko da gwiwar wata har ta ji jiri ko amai, kada a bari ta koma raga a ranar, komai muhimmancin wasan.

Hajiya Babba (Ƙofar Ƙaura):
To kun ji. Ga karaya, ga tiyata, ga jiran benci, ga albashin da sai an yi zanga-zanga. Ni tambayata ita ce, yaushe za ta yi aure ta haihu a cikin wannan tsari? Ana cewa mai tsaron raga sai ta manyanta take nuna. Ashe ke nan shekarun da ake so ta kai ƙololuwa su ne shekarun da ƙawayenta ke goyo.

Ɗalibar Jami'a (Katsina):
Hajiya, ranki ya daɗe, tambayarki ita ce matan da ke cikin sana'ar suka daɗe suna yi wa hukumomi. Tun farkon 2021 FIFA ta wajabta wa ƙungiyoyi ba 'yar wasa hutun haihuwa na aƙalla mako 14 tare da kashi biyu cikin uku na albashinta, kuma ta hana a kore ta saboda juna biyu. Na yarda samun doka a takarda daban, aiki da ita a ƙungiyoyinmu daban. Abin da nake son a lura da shi shi ne, aikin bai ƙare a tsakanin turaku biyu ba. Precious Dede da ta yi ritaya a 2016 ta zama mai horar da masu tsaron raga, har Indiya ta ɗauke ta ta horar da 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 17. Tambayar da Alaramma ya yi, cewa wa zai kula da yaranmu a hannun masu horarwa maza, ba za ta samu amsa ba sai ranar da muka samu mata masu horarwa daga cikinmu, kuma ba za a same su ba in an hana kowace Hafsat koyon aikin.

Malamar Wasanni (Daura):
Ƙanwata ta faɗi abin da ke bakina. Baban Hafsat, babu wanda ke neman ka sa hannu a kwantiragi yau. Shekara biyu da rabi suka rage mata a sakandare, kuma duk abin da take buƙata a cikinsu yana cikin iyakar da Alaramma ya yarda da ita. Ka ce wa malamarta ta samo yashi ko da tifa ɗaya ce a zuba a bakin raga, a fara koya mata faɗuwa daga durƙuso kafin daga tsaye, ta riƙa sauka a kan gefen jiki ba a kan gwiwar hannu ba. In ta gama, akwai sashen ilimin motsa jiki da lafiya a kwalejojin ilimi, akwai wasannin manyan makarantu, kuma ta wannan hanya za ta fito da takardar shaida a hannu ɗaya, safarta a ɗaya hannun. In a lokacin wata ƙungiya ta gan ta ta nema, sai ku zauna da malamai da dangi ku duba sharuɗɗan, tana babba mai hankalin kanta. In ba a nema ba, wallahi ina da makarantu da zan nuna mata waɗanda ke neman malama irinta ruwa a jallo.

Alaramma (Mai'aduwa):
Ban ga laifi a wannan tsari ba matuƙar ana cikin makarantar mata, ana kiyaye sutura da lokutan salla. Batun ƙungiya kuwa ina nan a kan matsayina, kuma in lokacin ya zo ina son a sake tambayata.

Baban Hafsat (Ƙofar Marusa):
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa mahaifiyarta saƙonninku ɗaya bayan ɗaya, na Hajiya ma sau biyu ta sa na maimaita. Gobe da safe in sha Allahu zan kai yarinyar a ɗauki hoton hannun. Na kira malamarta na yi mata tambayar Malam Tsohon Gola, ta ce in aka ci Hafsat ba ta kuka kuma ba ta zargin kowa, ɗauko ƙwallon take yi da kanta daga bayan turaku, ta kira 'yan bayanta da sunayensu ta gyara musu tsayuwa. Na yi shiru na daɗe da na ji haka, domin halin kakarta ne wadda ta haife ni.

Ban yi mata alkawarin ƙungiya ba, kuma na gaya mata gaskiya cewa zuciyata ba ta kwanta da wannan ɓangaren ba tukuna. Na dai yi alkawarin safar hannu da dogon wando da tifar yashi, bisa sharaɗin kada sakamakon jarrabawarta ya sauka. Wace irin safa zan saya, Malam?

Tsohon Gola (Funtuwa):
Ka tafi da ita kasuwa ta gwada da hannunta, amma sai bayan likita ya kwance yatsun. A zaɓi wadda ta ɗan fi hannun girma kaɗan, yadda za a samu 'yar rata a saman kowane yatsa, kuma tun da ta taɓa jin ciwo a nemi mai ƙarfafaffen bayan yatsu da ke hana su lanƙwashewa baya. Kada ka sayi mai laushin tafi irin ta manyan ƙwararru, domin marmara za ta cinye ta cikin mako biyu. Mai kaurin tafi ta fi dacewa da filinsu. Ta riƙa ɗan jiƙa tafin da ruwa kafin wasa, in ta gama ta wanke da ruwa zalla ta shanya a inuwa, kada ta kuskura ta bar ta a rana. Ina da tsohuwar rigata mai soso a gwiwar hannu, tana nan a akwati ba abin da ya same ta. Ka turo mini sunan direban da ka sani a tashar Funtuwa in ba shi ya kawo mata ranar Litinin.